Asubahin Ruwan Gishiri: Waiwaye Kan Tarihin Shafukan Sada Zumunta

Gabatarwa

A wani daren Juma'a, farkon watan Agusta na shekarar 2014, ni ne na hana gidanmu barci. Ina aji biyar na sakandare, kuma ban fi wata uku da mallakar waya mai shiga intanet ba. Wajen ƙarfe uku na dare wani abokin karatuna ya turo mini saƙo cewa cutar Ebola ta bazu, duk mai son tsira ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin rana ta fito, ya kuma sha. Na leƙa Facebook na tarar maganar ta cika ko'ina. Dama zukata a tsorace suke, domin tun ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar, ya mutu bayan 'yan kwanaki.

Na bi ɗaki-ɗaki ina buga ƙofa. Aka hura wuta, aka ɗora tukunya. Kowa ya karɓi maganata sai Kaka, wadda ta riƙe kofin ta dube ni ta ce, "Maigidan nawa, wa ya gaya maka wannan magana?" Na ce, "Kaka, a waya na gani, kowa ita yake faɗa." Ta ce, "To, tunda ka gani da idonka, ai gani ya kori ji." Ta shanye. Tana da hawan jini. Kafin hantsi jiri ya kayar da ita, sai da ta kwana uku a asibiti.

Allah ya tashi kafaɗunta, amma wasu ba su yi wannan sa'a ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aƙalla mutum biyu sun rasu a Nijeriya sakamakon shan ruwan gishirin. Ita kuwa Ebola mutum 20 ta kama a ƙasar, 8 suka rasu, duk a Legas da Fatakwal, har aka tabbatar da kawar da ita ranar 20 ga Oktoba. Cutar ba ta taɓa isowa garinmu ba, jita-jitarta ce ta iso cikin dare guda. Tun daga ranar tambayar Kaka ta zauna mini a rai, ita ce kuma ta sa na shiga bin diddigin inda waɗannan shafuka suka fito da yadda suke aiki.

Kafin Zuwan Intanet

Bahaushe bai jira bature ya koya masa sada zumunta daga nesa ba. Kaka takan ba mu labarin kakanta, falke ne mai zuwa Gwanja sayen goro. Ayarinsu kan yi watanni a hanya, yana sauka zango-zango, kuma ban da jakuna da kaya yana ɗauke da wasiƙun ajami da saƙonnin baka. A kasuwar Salaga mutumin Kano zai ji labarin rasuwar da aka yi a Katsina wata uku da suka wuce. Haka maniyyatan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa zuwa Makka suka riƙa aiko da labarinsu ta bakin masu dawowa. A cikin gari kuwa akwai mai shela, akwai dandali, akwai majalisar ƙofar gida, akwai rijiyar da mata ke haɗuwa.

Labari a wancan zamani yana da nawa, amma yana da fuska. An san wanda ya kawo shi, an san ubansa, an san ko mai gaskiya ne ko mai ƙarin gishiri. Malamanmu ma sun gaji tsohuwar hanyar masana hadisi, wadda ba a karɓar magana sai an jero waɗanda suka ɗauko ta ɗaya bayan ɗaya, an kuma auna amanar kowanne.

Da zamani ya juya, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, masu karatu suna aika mata da wasiƙu daga garuruwa masu nisa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a farkon shekarun 1960. A ganina shirin Zaɓi Sonka shi ne kakan shafukan sada zumuntarmu. Mutum ya sayi kati, ya jero sunayen abokansa na Gusau da Maraɗi da Kumasi, a karanta duniya ta ji. Masu sauraro suka kafa ƙungiyoyi, suka san juna da laƙabi tun ba su taɓa haɗuwa ba. Sai dai tsakanin mai aikawa da mai sauraro akwai edita ko mai gabatarwa, wanda ke tace abin da zai fita, kuma shi ake tuhuma in an yi ɓarna.

Haihuwar Shafukan

Asalin tunanin ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1967 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Stanley Milgram, ya raba wa mutane wasiƙu a jihohi masu nisa, ya ce su isar da su ga wani mutum da ba su sani ba a yankin Boston, da sharaɗin kowa ya miƙa wa wanda ya sani kawai. Wasiƙun da suka isa sun bi ta hannun mutum biyar zuwa shida. Daga nan maganar nan ta shahara cewa taki shida ne kacal tsakanin kowane mutum biyu a duniya. Da wannan suna aka buɗe shafin SixDegrees a 1997, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da ya haɗa abubuwa uku: mutum ya rubuta bayanin kansa, ya jera abokansa, ya kuma iya ganin abokan abokansa. Bai wuce shekara huɗu ba ya rufe, saboda masu intanet ba su da yawa a lokacin, kuma layin yana da nauyi.

Friendster ya biyo baya, sannan MySpace da LinkedIn a 2003. Ranar 4 ga Fabrairu 2004 wani ɗalibin Jami'ar Harvard, Mark Zuckerberg, da abokansa suka buɗe Facebook domin ɗaliban makarantarsu kaɗai, sai a Satumbar 2006 aka buɗe ƙofa ga kowa. YouTube ya zo a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, TikTok kuma, wanda kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya mallaka, ya fita kasuwar duniya a 2017.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. MySpace da aka saya kan dala miliyan 580 a 2005, an sayar da shi kan kimanin dala miliyan 35 a 2011. Facebook kuwa ya koyi darasi, ya riƙa saye abokan hamayya tun suna ƙanana: Instagram kan dala biliyan 1 a 2012, shekarar da masu amfani da Facebook suka cika biliyan ɗaya, sannan WhatsApp kan kimanin dala biliyan 19 a 2014. A 2021 uwar kamfanin ta koma Meta. A 2022 Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, ya sauya masa suna zuwa X a shekara mai biye. Ta haka dandalin da biliyoyin mutane ke hira a cikinsa ya koma hannun kamfanoni 'yan ƙalilan.

Yadda Suke Aiki

Duk abin da mutum ya rubuta ko ya ɗora ba a wayarsa kaɗai yake zama ba. Yana tafiya ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ke jere a rumbunan ajiyar bayanai a ƙasashe daban-daban. Can ake adana sunansa da hotunansa da jerin abokansa, da abin da ya so, da abin da ya tsaya kallo, da tsawon lokacin da ya tsaya. Daga waɗannan ake zana taswirar wa ya san wa, kuma da ita ake kawo maka fuskar abokin firamare da ka manta.

Da farko sai ka shiga shafin aboki ka ga abin da ya rubuta, kamar mai kai ziyara gida. A 2006 Facebook ya ƙirƙiro jerin labarai mai kawo maka komai wuri guda, a 2009 ya ƙara maɓallin nuna so. Da rubuce-rubuce suka fi ƙarfin karantawa, sai aka ɗora wa wani tsarin lissafi aikin zaɓen abin da kowa zai fara gani. Ana kiran irin wannan tsari algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Aikinsa shi ne hasashen abin da zai sa ka tsaya, ka danna, ka yi sharhi, ka tura wa wani.

Dalilin haka yana cikin aljihu. Ba ma biyan kuɗin shiga waɗannan shafuka, ban da kuɗin data da muke ba kamfanonin waya. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar Meta daga talla yake fitowa, kuma a 2023 kuɗin ya kusa dala biliyan 135. Mai talla yana biya ne domin a nuna hajarsa ga mace mai shekara kaza da ke gari kaza, wadda ta nuna sha'awar kaya kaza. Gwargwadon daɗewarka a shafin, gwargwadon tallan da za ka gani. Kasuwa ce, kuma hankalinmu ne kayan da aka baza.

Nan gizo yake saƙa. Abin da ke tsayar da ɗan Adam ba kullum ne gaskiya ba, sau da yawa tsoro ne ko fushi ko abin kunyar wani. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 tsarin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki ninki biyar na alamar so, kafin daga baya a rage. Da na karanta wannan sai na gane abin da ya faru a darenmu na gishiri. Saƙon yana ɗauke da tsoro, yana da wa'adi, yana kuma roƙon ka ceci 'yan uwanka. Duk wanda ya tura shi ƙauna ce ta sa shi. Shi kuwa inji ba ya tambayar wa ya faɗa, ƙirga masu turawa kawai yake yi.

Isowarsu Gare Mu da Alherinsu

Kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan wannan shekara wayar salula ta fara aiki, layi ɗaya yana kai naira dubu ashirin ko fiye. Yayyenmu sun fara sanin intanet a shagunan kwamfuta inda ake sayen lokaci da awa. Mu kuma muka buɗe ido da 2go, manhajar hira daga Afirka ta Kudu mai aiki a ƙananan wayoyi, sannan BlackBerry ga masu hali, kafin wayoyin Android masu araha su cika kasuwa. A Satumbar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya bayyana takararsa a Facebook, a 2016 kuma Zuckerberg ya ziyarci Legas, shekarar da aka san Hausa cikin harsunan da shafin ke aiki da su.

Rashin adalci ne in ɓoye alherin da na gani. An ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafar Kaka ba za ta kai ta Kumasi ba, inda ƙanwarta ta yi aure tun kafin a haifi mahaifina. A WhatsApp suka sake ganin fuskar juna, suka yi kuka, suka yi dariya. Yayata, wadda ba ta fita kasuwa, daga ɗakinta take sayar da turaren wuta da atamfa ga mutanen Abuja da Yamai. Marubuta mata da ba su da kuɗin ɗab'i suna sakin littattafansu babi-babi ga dubban masu karatu. Ɗalibi a ƙauye yana sauraron karatun malamin da ke wata ƙasa, ana tara wa marar lafiya kuɗin aiki cikin kwana biyu, ana cigiyar yaron da ya ɓata a same shi. Harshen Hausa kansa bai taɓa samun masu rubuta shi kullum da yawa haka ba.

Talaka ma ya sami bakin magana. Bayan Mohamed Bouazizi ya cinna wa kansa wuta a Tunisiya ranar 17 ga Disamba 2010, hotunan zanga-zanga suka bazu a Facebook duk da takunkumin gwamnati, Shugaba Ben Ali ya gudu ranar 14 ga Janairu 2011, Hosni Mubarak na Masar ya sauka wata guda bayan haka. A Janairun 2012, da aka cire tallafin man fetur lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140, matasa sun yi amfani da waɗannan shafuka wajen kiran juna zuwa tituna a Kano da Legas da Abuja, har aka dawo da farashin naira 97. Da aka sace ɗalibai 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, kiraye-kirayen da aka yi a Twitter ne suka tilasta wa duniya juyowa. Haka zanga-zangar adawa da rundunar SARS ta 2020. Masu mulki sun san wannan ƙarfi, shi ya sa gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Illolinsu

Wuƙar da ta yanka nama ita ke yanka yatsa. A Myanmar, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2018 cewa Facebook ya taka rawa wajen yaɗa ƙiyayyar da ta share fagen kisan Musulmin Rohingya da korar dubban ɗaruruwansu zuwa Bangaladesh, kamfanin kuma ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A Indiya jita-jitar satar yara ta WhatsApp ta sa an kashe bayin Allah da duka, abin da ya sa aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, dokar da ta game duniya a 2019. A gida kuwa, lokacin rikicin Jihar Filato na Yunin 2018, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali da sunan na rikicin ne, binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin an ɗauke shi ne a Kongo Brazabil shekaru kafin haka. Waɗanda suka gani sun gaskata idonsu, kuma an zubar da jini.

Akwai kuma batun sirri. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane har kimanin miliyan 87 daga Facebook ba da izinin yawancinsu ba, domin aikin siyasa, hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. Nijeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015 da ta kare bayanan jama'a a 2023, sai dai doka ba ta dawo da hoton da ya riga ya fita. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi, domin ana iya tono ta bayan shekara goma a hana mutum aiki ko aure.

Sauran illolin muna ganinsu a gidajenmu. Ɗan damfara ya ƙwace shafin mutum ya roƙi danginsa kuɗi da sunansa. Yaro ya zagi sa'an kakansa saboda ba a ganin fuskarsa. Budurwa ta raina abin da iyayenta suka iya saboda kayan ɗakin da ta gani a Instagram, ba ta san na aro ba ne. Ɗalibi ya kwana yana latsa waya ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Mutum biyar su zauna a tabarma ɗaya, kowa yana hira da wanda ba ya nan.

Kammalawa

Idan na jera wannan tarihi daga ayarin Gwanja zuwa TikTok, abu ɗaya nake gani yana maimaituwa. Kowane sabon zamani yana ƙara wa labari gudu, yana kuma rage masu tsaron ƙofa. Falke yana da sunan da yake karewa, edita yana da aikin da yake tsoron rasawa. Yau babu kowa tsakanin ƙarya da mutum dubu sai babban yatsan wanda saƙon ya iso wa. Aikin da edita ya bari bai ɓace ba, a kanmu ya faɗo, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Hukumomi suna da nasu nauyin, kamfanonin kuma wajibi ne su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa da sauran harsunanmu domin tace abin da ake ɗorawa, makarantu su koya wa yara tantance labari kamar yadda suke koya musu lissafi. Amma ni darasina daga gida na samo shi. Ranar da aka sallamo Kaka na durƙusa ina ba ta haƙuri, sai ta ce, "Laifina ne, maigida. Na tambaye ka wa ya faɗa, ba ka ba ni suna ba, kuma na sha."

Kaka ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙanta. Karin maganar da ta yi mini a daren nan ba ta tsira daga wannan zamani ba, tunda yanzu kwamfuta na iya ƙirƙiro fuska da muryar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Tambayarta ce ta tsira. Har yau ina cikin waɗannan shafuka, da su nake karatu, da su nake gaida dangi. Amma duk saƙon da ya iso mini da gaggawa, yana cewa in tura kafin gari ya waye, nakan nemi sunan wanda ya fara faɗarsa, da ranar da aka faɗa, da wata majiya mai suna da ta tabbatar. In ban samu ba, a wayata yake kwana.